Tambaya da Amsa: Batirin motata mai lantarki ya gaji, wanne zan sa mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da mota mai amfani da lantarki ƙirar Nissan Leaf ta 2013, na saye ta a hannu shekara huɗu da suka wuce. A lokacin tana nuna sanda 10 cikin 12 na lafiyar batir, yanzu saura 8. In na cika ta da caji da ƙyar nake samun kilomita 75, in na kunna esi kuwa abin ya ƙara raguwa. Zuwa aiki da dawowa kilomita 46 ne, ga kai yara makaranta, ga zafi sosai a inda nake. Sau biyu ke nan hoton kunkuru yana fito min a kan hanya, motar ta koma tafiyar hawainiya. Mutum uku na tuntuɓa, kowa da tasa. Na farko ya ce a buɗe batirin a sauya ɓangarorin da suka mutu kawai. Na biyu ya ce yana da batir irin nawa na hannu mai sanda 12. Na uku ya ce in cire shi gaba ɗaya in sa babba mai kilowat-awa 40 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka). Ina son motar nan, ba ta taɓa ba ni wata matsala ba sai wannan. Me za ka ba ni shawara? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, na gode da wannan wasiƙa mai cikakken bayani. Da motar nan tawa ce, ba zan miƙa wa kowa cikin mutum ukun nan ko sisi ba sai na fara auna batirin da ke jikinta. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin cewa tsufa daban, ciwo daban. Batir ma haka yake. Akwai wanda duk ƙwayoyinsa, wato ƙananan baturan da ke cikinsa, suka tsufa tare, akwai kuma wanda ƙwaya ɗaya ce ta kwanta ciwo ta ja wa sauran. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma daga kujerar direba ba a iya bambanta su da ido.

A ƙarƙashin kujerun motarki akwai wani faffaɗan akwatin ƙarfe mai nauyin kusan kilo 300. A cikinsa akwai ƙunshi 48, kowanne kamar shimfiɗaɗɗen gwangwani, kowane ƙunshi da ƙwayoyi 4, jimilla 192. An haɗa ƙwayoyin bibbiyu, aka jera tagwayen nan 96 a sarƙa guda, wannan na miƙa wa wancan, har ƙarfin wutar ya kai bolt 360, in ya cika dam ya doshi 400. Ki riƙe maganar sarƙar nan, domin ita ce za ta warware miki zancen kunkuru. Kwamfutar batir ba ta yarda ko tagwaye ɗaya su zube ƙasa da iyakar da aka yanka musu. Da zarar mafi rauni cikin 96 ɗin ya kai iyakar, sai ta rage wa motar ƙarfi ta kunna kunkuru, ko da sauran 95 suna da sauran wuta a cikinsu.

Sabon batirin motarki kilowat-awa 24 ne, amma motar ba ta bari a taɓa duka, kimanin 21 ake mora. Sandunan nan 12 kuma ba daidai suke da juna ba. Ta farko ba ta faɗuwa sai batir ya rasa kashi 15 cikin ɗari, daga nan kowace sanda kashi 6 da ɗoriya ce. Sanda 8 ke nan tana nufin kina tsakanin kashi 60 zuwa 66 na ƙarfinsa na asali, wato kilowat-awa 13 ko kusa da haka. In motar tana cin kilomita 6 a kowane kilowat-awa, lissafi ya ba da kilomita 78. Kin ga ya yi daidai da abin da kika faɗa. Wannan ya sa nake kyautata zaton tsufa ne babban abin da ke damun batirinki, amma kunkurun nan da ya fito sau biyu ya sa ba zan yanke hukunci ba sai an duba.

Me ke tsufar da shi? A cikin kowace ƙwaya, kullum wani siririn ɓawo yana taruwa a kan farantin da ke karɓar caji, yana kulle wani ɓangare na lithiyam, sinadarin da ya kamata ya riƙa kai-komo da caji. Ko an tuƙa motar ko an ajiye ta, ɓawon yana ƙaruwa. Abu biyu ke ƙara masa gudu: zafi, da barin batir a cike dam na tsawon lokaci. Leaf kuwa, tun daga fitowarta a ƙarshen 2010 har ƙarni na biyu da ya zo a 2017, ba a yi wa batirinta ruwan sanyaya ba, iskar da ke bi ta jikin akwatin ce kawai ke kwashe zafin. Tun a 2012 masu irin motar a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, inda zafi ke da tsanani, suka fara kukan sandunansu suna zubewa da wuri. Bayan haka ne kamfanin ya ba da garantin cewa batir ba zai sauka ƙasa da sanda 9 ba cikin shekara 5 ko mil 60,000, daga baya kuma manyan batura suka zo da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000. Taki ta daɗe da wuce wannan wa'adi, don haka duk abin da za a yi daga aljihunki zai fito.

Ga yadda ake aunawa. A ƙasan sitiyari akwai wata kafa da makanikai ke jona na'urar binciken mota, ana kiranta OBD. Ki samu 'yar ƙaramar na'urar da ake cusawa a nan mai magana da waya ta Bluetooth, ki sauke manhajar LeafSpy. Za ta nuna miki wata lamba mai suna SOH, ita ce lafiyar batir cikin ɗari, da wata mai suna Hx da ke nuna yadda batirin ke iya sakin wuta ba tare da wahala ba, da yawan cajin gaggawa da na gida da aka taɓa yi masa, da zafin cikinsa. Amma abin da na fi so ki zuba wa ido shi ne zanen layuka 96 da ke tsaye a jere, kowane layi na tagwaye ɗaya. A batir mai lafiya kawunansu kusan daidai suke, bambancin mafi tsayi da mafi gajarta 'yan milibolt goma-goma ne kawai (milibolt 1,000 ne bolt ɗaya). Kada ki duba a tsaye da batir a cike, a nan kowa lafiyayye ne. Ki bari caji ya sauka ƙasa da kashi 30, ki sa wani ya zauna kusa da ke riƙe da wayar, ki samu hanya miƙaƙƙiya mara cunkoso ki taka totur sosai na 'yan daƙiƙu. In layukan duka sun sunkuya tare sun ɗago tare, tsufa ne. In kuwa ɗaya ko biyu suka zurma ƙasa su kaɗai, suka bar giɓi a jeren har bambancin ya kai milibolt ɗaruruwa, to ga mara lafiyar nan kin gano shi, har lambarsa za ki gani.

Da wannan sakamako a hannu, shawarar mutum na farko ta zama mai sauƙin hukunci. In ƙwaya ɗaya ce ko biyu suka lalace, sauya ƙunshin da suke ciki gyara ne mai ma'ana, kuma shi ya fi araha. Sharaɗinsa shi ne ƙunshin da za a sa ya zama ɗan zamanin sauran, ƙarfinsa kusa da nasu, kuma a daidaita cajinsa da nasu kafin a ɗaure shi. Amma ki sani, wannan gyara kunkuru zai kora, ba zai mayar miki da batirin sabo ba. In an sa sabon ƙunshi fil a tsakiyar tsofaffi, tsofaffin ne za su ci gaba da yanke wa sarƙar iyaka. In kuma tsufa ne ya game duka, sauya ƙunshi biyar ko goma zubar da kuɗi ne: yau a sauya waɗannan, nan da wata shida na kusa da su su zama mafi rauni, a sake sauke akwatin, a sake ɓalle hatiminsa na hana ruwa shiga. Kowace buɗewa kuwa dama ce ta ruwa da ƙura.

Shawarar mutum na biyu ita ta fi tayar min da hankali, domin na taɓa faɗawa irinta. Shekarun baya batirin tawa motar ya gaji, wani ya ce yana da na hannu mai sanda 12 cif. Na je, na ga sandunan da idona a wata motar da batirin ke jiki, na biya, aka sa min. Mako biyu na farko ina ta murna. A mako na uku da safe na kunna mota na ga 11. Kafin wata biyu su cika suka tsaya a 9. Abin da ya faru shi ne, an goge wa kwamfutar batirin tarihinta, ta ɗauka sabo ne aka kawo mata, ta nuna sanduna cike. Sai da ta yi ta auna caji da saukewa na makonni sannan ta koma faɗin gaskiya. Ranar da na jona manhajar na ga abin da ya kamata in gani tun farko, raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin nan na daɗe ina tara su. Sandunan da ke gaban direba ana iya yi musu kwalliya. Abin da ba a iya yi wa kwalliya shi ne tafiya: a cika batir, a tuƙa kilomita 40 ko 50, a ga kilowat-awa nawa ya tafi da kashi nawa ya rage, a kuma kalli layukan nan 96 lokacin da ake taka totur. Duk mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan gwaji, cinikin biri a sama yake so ki yi.

Ko da mutumin mai gaskiya ne, ki tuna motocin ƙarshe da suka zo da batir 24 sun fito ne wajajen 2016 zuwa 2017. Duk wanda aka ciro daga irinsu ya riga ya sha shekaru. Waɗanda aka yi daga 2015 an gyara haɗinsu don su fi jure zafi, sun fi na baya, amma su ma tsofaffi ne yanzu. In kin samu mai kashi 80, kilomita 100 za ki riƙa samu yau, nan da shekara uku a zafin da kike ciki ki dawo kusa da inda kika taso. Akwai kuma mai kilowat-awa 30 da ya zo da ƙirar 2016. In shi aka kawo miki, ki tambaya ko an yi masa gyaran manhajar da kamfanin ya fitar a 2018, domin kafin gyaran kwamfutarsa tana kuskuren lissafin lafiyarsa, lambar da za ki gani ba abar dogaro ba ce.

Saura na uku, kuma in aljihu zai ɗauka, nan zuciyata ta fi karkata. Batir mai kilowat-awa 40 da ya zo da ƙirar 2018 akwatinsa kusan siffa ɗaya da naki, nauyinsa ma bai fi naki da wani abin a zo a gani ba. Yana zama a gurbin tsohon, ƙusoshin su shiga ramukansu. Na tsaya na kalli yadda aka sa wa tawa, bayan wancan na farkon ya ba ni kunya. Aka ɗaga motar sama, mai aikin ya fara cire kan ƙaramin batirin motar mai bolt 12, ya sa safar hannu ta roba mai kauri, ya zare wani fulogi ruwan lemo daga ƙasan daɓen motar ta wajen ƙafar kujerar baya, ya sa shi a aljihunsa don kada wani ya mayar, ya duba agogo ya jira minti goma. Sannan aka turo tebur mai hawa da sauka a ƙarƙashi, aka kwance ƙusoshi, akwatin ya sauko a hankali, baƙi ƙirin da ƙurar shekaru. Kafin la'asar sabon ya hau. Aikin yini ɗaya ne ga wanda ya san shi.

Ba a nan gizo ke saƙar ba, a wajen magana ne tsakanin batir da mota. Kwamfutar motarki ta 2013 ba ta san yaren batirin 2018 sosai ba, kuma tana neman lambar shaidar batirin da ta saba da shi. In aka jona haka kawai, za ta iya kunna fitilar gargaɗi, ta rage ƙarfi, ko ta riƙa nuna kilomitan da ba su ne ba. Don haka ake sa wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana a kan wayoyin saƙo da ke tsakaninsu, ni tafinta nake ce mata: tana karɓar abin da batir ya faɗa ta juya shi yadda motar za ta gane. Ki tambayi mai aikin wace tafinta zai sa, a ina zai ɗaure ta, yaya zai kare ta daga ruwa, kuma motoci nawa ya taɓa yi wa haka. Ki nemi ya haɗa ki da ɗaya daga cikin masu su. Kin yi sa'a taki ta 2013 ce, domin na 2011 da 2012 kan wayoyinsu ya bambanta, sai an ƙara musu wani aikin.

Me za ki samu? In batirin 40 ɗin yana da lafiya kashi 90, kilowat-awa 33 ko kusa da haka za ki riƙa mora, wato wajen kilomita 200 a irin tuƙinki. Ki kwatanta: hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna sabuwar Leaf ta 2011 a kilomita 117, ta 2018 kuma a kilomita 240 da 'yan kai. Motarki za ta fi ranar da ta fito daga kamfani nisan zango. Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina shi ne, tafiyarki ta yini ba za ta ci ko rabin batirin ba, don haka za ki iya tsayar da caji a kashi 80, ki dawo gida da kashi 40 ko 50. Batirin da ke rayuwa a tsakiya haka yana daɗewa fiye da wanda ake cikawa dam a kuma tatse shi tas kullum, wanda shi ne halin da naki yake ciki yanzu.

Akwai abin da ba za ki samu ba, gara ki ji daga bakina. Motar ba za ta ƙara gudu ba, injinta mai kilowat 80 yana nan yadda yake. Cajar da ke cikin motar ma ba ta sauya ba. In taki mai kilowat 3.3 ce, cika batir daga ƙasa zai ci awa 11 zuwa 12, in mai 6.6 ce rabin haka, in kuma soket ɗin bango kike jonawa zai haura awa 15. Amma tunda abin da kika ci a yini kawai za ki riƙa mayarwa, dare ɗaya ya ishe ki. Sannan shi ma 40 ɗin ba shi da ruwan sanyaya. A 2018 masu shi sun lura cewa in aka yi cajin gaggawa sau biyu ko uku a jere a doguwar tafiya, batirin yana ɗaukar zafi har motar ta rage saurin cajin da kanta. Inuwa da cajin dare har yanzu su ne abokan tafiyarki.

Wataƙila wani ya ce tunda za a yi, a sa mai 62 na 2019. Ana sawa, na ga waɗanda suka sa. Amma ƙwayoyinsa 288 ne, ya fi naki nauyi da sama da kilo 100, ya fi shi kauri da kimanin santimita 4, wato cikin motar zai ƙara kusantar ƙasa, kuma sai an sauya sifirin na baya. Ga mai tafiyar kilomita 60 a yini, ɗaukar kaya ne da ba a buƙata. Akwai kuma sababbin batura da wasu ƙananan kamfanoni ke haɗawa da sababbin ƙwayoyi su zuba a akwati irin na Leaf. Cikinsu akwai nagari akwai na banza, kuma daga waje duk kamarsu ɗaya. In za ki bi nan, ki nemi sanin kamfanin da ya yi ƙwayoyin, da garanti a rubuce, da wanda za ki kama in abu ya ɓaci.

Yawancin batura 40 na hannu daga motocin da suka yi hatsari ake ciro su. Ba laifi ba ne in bugun bai taɓa akwatin ba. Ki sa a juya shi ki duba ƙasansa da gefunansa, duk lotsawa ko tsagewa ki bar shi. Wanda ruwa ya taɓa shanyewa kuwa ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa, musamman ruwan gishiri. Bayan guguwar Ian da ta afka wa jihar Fulorida a 2022, motocin lantarki da dama da ruwan teku ya shanye sun kama da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye. Ki nemi lambar motar da aka ciro shi daga ciki da hoton sakamakon manhajar kafin a cire shi. Bayan an sa, ki sanar da kamfanin inshorarki a rubuce, domin a ƙasashe da yawa sauyi irin wannan in ba a bayyana shi ba yana iya sa su ƙi biya ranar da ake buƙata.

Kafin duk wannan, ki sa a ɗaga motar a duba tsatsa a ƙasanta, da birki, da cajar cikinta, da esi. In jikin ya lalace, ko kuɗin batirin ya kusa kai na wata motar mai batir 40 tun daga kamfani, gara ki sayar da taki ki ƙara ki sayi waccan. In jikin garau yake, kamar yadda wasiƙarki ta nuna, ki sa mata 40 ɗin. Ki turo min hoton layukan nan 96 in kin auna, zan duba miki.

Tambaya: Malam barka da aiki. Tawa motar lantarkin jiya lafiya lau na ajiye ta da caji kashi 70, yau da safe ta ƙi tashi, fitilun gaban direba suna ta ƙiftawa. Wani ya ce babban batirin ne ya mutu, in fara neman kuɗi. Daga wani dattijo mai ritaya.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka kwantar da hankalinka. Babban batir ba ya mutuwa dare ɗaya haka. Kusan kowace motar lantarki tana da ƙaramin batir mai bolt 12 irin na motar fetur, shi ke tayar da kwamfutoci, shi ke rufe makunnin da ke haɗa babban batir da sauran motar. In ya yi sanyi, ko babban yana cike motar ba za ta motsa ba, sai ta yi ta nuna saƙonni masu ban tsoro. A sa mita a kansa: in ya nuna ƙasa da bolt 12 motar na kashe, ga mai laifin nan. A yi masa caji ko a sauya shi. In ya wuce shekara uku ko huɗu, sauyawar ta fi.

Tambaya: Malam, yayana zai sauya batirin motarsa, ya ce zai bar min tsohon. Ina so in buɗe shi in ciro ƙwayoyin in haɗa da sola a gida. Na iya wayarin ɗin gida, na kuma kalli bidiyo da yawa. Daga wani ɗalibin koyon aikin lantarki.

Amsa: Ƙanena, tunaninka mai kyau ne, batirin da ya gaji da jan mota yana da sauran shekaru na aikin gida. Filin wasa na Johan Cruijff Arena a Amstadam yana ajiye wuta tun 2018 a wata ma'ajiya da aka haɗa da kwatankwacin baturan Leaf 148, sababbi da tsofaffi. A garin Namie na Japan kuma kamfanin 4R Energy ya buɗe masana'anta a wannan shekarar don tantance tsofaffin batura a ba su aiki na biyu. Kowane ƙunshi na batir 24 bolt 7 da rabi yake bayarwa, in aka jera 7 sai su dace da inbata mai bolt 48.

Amma ba kai za ka buɗe akwatin nan ba, ina roƙonka. Wutar gida da ka saba da ita tana da makunni, ka kashe ka yi aikinka. Wannan ba ta da makunni. Ko an zare fulogin nan ruwan lemo, abin da ya yi kawai shi ne raba sarƙar gida biyu, kuma kowane ɓangare yana da wutar da ta isa ta kashe mutum. Sifana ɗaya da ta suɓuce ta faɗa tsakanin kawuna biyu za ta narke a hannunka, tartsatsin ya ƙona fuska. Masu wannan aiki suna sa safar da aka yi ta don jure bolt 1,000, da kayan aiki masu rufin roba, da gilashin fuska, kuma ba sa yi su kaɗai.

Ka kai shi wurin wanda ya samu horo a kan manyan baturan mota ya warware maka shi zuwa ƙunshi-ƙunshi, ka tsaya a gefe ka koya. Daga nan aikin ya dawo irin wanda hannunka zai iya: ka auna kowane ƙunshi, ka ware waɗanda suka kumbura, ka haɗa masu ƙarfi ɗaya, ka matse su tsakanin faranti biyu yadda suke a cikin akwatin. Dole ka sa musu tasu kwamfutar mai lura da kowace ƙwaya, mai yanke caji kafin ta kai bolt 4.2, da fis a kan babbar waya, kuma ka saita inbatarka a kan lithiyam, ba a kan batirin ruwa ba. Ka ajiye su a akwatin ƙarfe, a ɗaki na daban mai iska da inuwa, nesa da inda ake kwana da ƙofar da ake fita. Waɗanda suka kumbura kuma kada ka jefa su a shara, ka mayar wa wanda ya warware maka ya kai su inda ake karɓar tsofaffin batura.